Kawu Sahabi a Bakin Kogin Ganga

Duk wanda ya san Kawu Sahabi ya san ba ya shiga gari bai ɗanɗana ƙasar garin ba. Ba zaurance nake yi ba, cin ƙasa nake nufi, da harshe! Motar haya za ta tsaya a Janbako, kowa ya sauka neman ruwan sha, shi kuwa sai ya tsuguna a gefen hanya, ya ɗebo ƙasa da yatsu biyu, ya murza, ya shinshina, ya ɗora a harshe, ya ɗaga kai sama kamar mai ƙoƙarin tuna sunan wani. Sannan ya yanke hukunci: "Wagga ta gero ta. Wanda yas sa mata shinkahwa ya cuci iyalinai." Ya tofar, ya goge hannu a gefen riga, ya koma mota.

Ni ne Lawali, ɗan ƙanwarsa, malamin gona a Talata Mafara. Shekara huɗu na yi a jami'a ina karatun ƙasa, kuma tun ranar da na kawo takardar gida ya soke mini suna, na koma Digiri. Akwai shekarar da shinkafarsa ta ƙi a wata fadama can bayan Bakura. Na ɗebi ƙasar a leda, na aika ɗakin gwaji, bayan mako uku na zo masa da takarda ina hura hanci, na ce, "Kawu, bincike ya nuna gishiri ya yi yawa."

Ya dube ni, ya dubi takardar. "Sati ukku, Digiri? Ni ranar da kaz zo da ledakka nig gaya ma, kana ta rubutu ba ka ji ba."

To, ku da kuka san shi kun san labarin zuwanmu Indiya, amma bakin Kawu kuka ji shi, kuma Kawu ya ƙara masa gishiri fiye da na fadamar nan. Yau ku ji daga bakin wanda abin ya faɗa wa.

Wani shiri ne na noman rani ya zaɓi mutum goma sha biyu daga Mafara da Bakura da Maradun, masu shan ruwan madatsar Bakolori, a kai mu mu ga yadda Indiyawa ke noman shinkafa a 'yan ƙananan gonaki. Aka naɗa ni jagora saboda ina jin Turanci. Da na tsaya nan da na tsira. Amma bakina ya ja mini, na ce a gaban taro ai har Indiyanci ina taɓawa. Indiyancin nan kuwa a gidan kallo na koye shi ina saurayi, a kan benci, da gyaɗa a aljihu.

Ranar farko aka zuba mu a wata doguwar bas mai furanni rataye a gaba. Mai yi mana jagora wani siririn mutum ne mai fara'a, sunansa Rajan, Kawu ya ce sunan bai cika ba, ya mayar da shi Malam Rajabu. Azahar ta yi muna tsakiyar hanya. Na ce yau za a san an zo da mai ilimi. Na taka har wurin direba, wani ƙato mai gashin baki kamar ƙahon rago, na dafa kafaɗarsa, na harhaɗa Indiyancina na ce ya tsaya.

Direba ya waigo ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Rajan ya kife a kujera yana dariya har da hawaye. Da ya samu numfashi ya gaya mini da Turanci abin da na faɗa. Na ce to, a bar shi a nan. Na manta Hajiya Ige ta Morai tsohuwar malamar firamare ce, Turanci ba ya wuce ta. Ta miƙe tsaye ta juyo ga jama'a: "Ku ji abin da jagoranmu yac ce ma direba! Cewa yay yi, tsaya, kada ka tahi ka bar ni, ya rayuwata!"

Bas ta ɗauki dariya. Ana cikin haka Kawu ya taso da butarsa, ya taɓa direba, ya nuna masa butar, ya ɗaga hannaye biyu daidai kunnuwa. Nan take direba ya gyaɗa kai ya gangara gefen titi, gindin wata bishiya, kusa da famfo ma. Kawu ya sa ƙafa zai sauka, ya waigo.

"Digiri, in kun ƙare soyayya, mu za mu yi salla."

Kwana goma muka yi muna zagaya gonaki, ni ina cika littafi da rubutu, Kawu yana cika harshe da ƙasa. Manoman can suka riƙa binsa a baya suna jiran hukunci, in ya ɗaga babban yatsa su yi ta murna. Ni ba wanda ya tambaye ni ko sunana.

Da aikin ya ƙare, saura kwana biyu, Rajan ya ce hanyarmu ta zuwa filin jirgi za ta ratsa wurare biyu masu tsarki a wurin mutanen ƙasar, in muna so mu tsaya mu gani. Na farko wani gari ne Bodh Gaya, wurin mabiya Buddha. Na biyu Banaras, birnin 'yan Hindu a bakin kogin Ganga. Nan take na tuna gida. Surukina limami ne a unguwarmu, mutum ne da ko hular da ka karkata sai ya yi maka wa'azi a kanta. Na hango hotona a gaban gunki ya isa Mafara kafin ni.

Kawu ya ce, "Wane na Buddha?"

Na fassara masa bayanin Rajan: ɗan sarki ne a zamanin da, ya bar gidan sarauta da dukiya, ya je ya zauna gindin wata bishiya yana neman sanin dalilin wahalar duniya, kuma jikar bishiyar tana nan har yau.

"Ɗan sarki ya bar sarauta da kainai? Ba tsige shi anka yi ba?"

"Da kansa, Kawu."

"To wanga ko don haka ya isa a tahi a ga inda yaz zamna. Mu can ko shugabancin ƙungiyar masu injin ban-ruwa sai an kira 'yan sanda kahin mutum shi sauka."

Jama'a suka goyi bayansa. Da na ga an rinjaye ni, sai na miƙe na kafa dokoki: ba taɓawa, ba durƙusawa, ba karɓar komai daga hannun kowa, ba hoto. Na juya gare shi musamman. "Kawu, don girman Allah, ban da tsugunawa cin ƙasa. Za a ce sujada kake."

"Ni kallo niz zaka, Digiri. Ubangijina ya san ni, ba yau munka haɗu ba."

Da muka isa Bodh Gaya, a ƙofar wurin ibadar aka karɓe wayoyi, aka ce a tuɓe takalma. Kowa ya miƙa nasa wurin ajiya, Kawu ya kaɗe silifas ɗinsa na taya ya zura a aljihun riga, ya ce shi bai taɓa barin takalmi a ƙofar da bai san limaminta ba. Muka shiga. Wani dogon gini ne mai tsini, an sassaƙe jikinsa tun daga ƙasa har sama, mutane daga ƙasashe iri-iri suna zagaya shi a hankali, wasu da fararen kaya, wasu an aske musu kai ƙwal sun yafa mayafi ruwan goro. Duk yawansu ba hayaniya, sai wani gunji ƙasa-ƙasa kamar na zuma a amya. A bayan ginin bishiyar take, an kewaye ta da shinge.

Kawu ya ɗaga kai ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce da ƙarfi, "Ashe durumi na!"

"Kawu, sassauta murya!"

"Ɗan'uwan durumi na, wallahi. Dubi kunnen ganyen. Irinai na ƙohwar gidan Sarkin Noma."

Rajan ya raɗa mana cewa ba a tsinkar ganyen, sai dai mutum ya zauna jira, in iska ta kaɗo ɗaya ya ɗauka ya kai gida, wasu sai su wuni ba su samu ba. Bai rufe baki ba sai ga ganye ɗaya ya taho yana lilo, ya wuce kawunan mutum ɗari masu jiransa, ya sauka daram a kan hular Kawu Sahabi. Idanu suka yo kanmu caa.

Na ce ta gefen baki, "Kada ka taɓa shi. Girgiza kai ya faɗi."

Ko kallona bai yi ba. Ya sa hannu ya ɗauko ganyen, ya duba hagu da dama, ya hango wata tsohuwa 'yar firit cikin fararen kaya wadda ta ɗago hannu ta kasa tashi. Ya taka ya miƙa mata da hannu biyu. Tsohuwar nan ta karɓa ta manna a goshi, hawaye suna bin kumatunta.

Ya dawo ya ce, "Ni in na kai shi Bakura akuya ka cinye shi. Ita ko wa ya san daga inda tat taso don shi?"

Daga nan ya samu gefe ya zauna kusa da wani tsoho mai mayafi ruwan goro da ke jan wani dogon carbi na katako. Kawu ma ya zaro nasa. Ni ina tsaye nesa na harɗe hannu kamar ɗan doka, ina ta zufa. Sun fi rabin awa a haka, ba wanda ya ce uffan, kowa da abin da yake ambato. Can na ga sun yi musayar carbi, kowa ya bi na ɗan'uwansa ƙwaya-ƙwaya, suka mayar wa juna, suka yi dariya marar sauti. Da muka fito na ce, "Me kuka tattauna?"

"Nashi ɗari da takwas, nau ɗari ba ɗaya. Ya hi ni da tara, Digiri, kuma bai yi mani jawabi bisa kai ba."

A hanyar Banaras ne Ardo Buba na Damaga ya sa muka yi shiru. Tun da muka zo yake manne da taga yana kallon shanu, suna yawo cikin kasuwa, suna kwance a tsakiyar titi, manyan motoci suna kauce musu. Ya tambayi Rajan ina makiyayinsu, aka ce babu. Ya ce da dare fa, wa ke tsaronsu? Aka ce ba mai taɓa su. Ardo, wanda aka kore masa garke ɗungurungum a daji shekara biyu kafin nan, ya juya fuska ga taga. Ni na fara shirya kalaman lallashi a raina, irin na taron bita. Kawu ya tashi daga kujerarsa ya koma kusa da shi, ya ɓare goro ya ba shi rabi. Haka suka zauna har muka shiga gari.

Washegari bayan mun yi asuba aka kai mu bakin kogi, rana tana fitowa. Jama'a, ban taɓa ganin taro irin wannan a bakin ruwa ba! Matakala ce ta dutse tun daga cikin gari har cikin kogin, mutane dubbai suna gangarowa, maza da mata, suna nutsewa suna tasowa suna ɗaga ruwa a tafin hannu. Ƙararrawa tana ta kaɗawa, furanni suna yawo a kan ruwa, can gefe guda hayaƙi yana tashi inda suke ƙona mamatansu. Muka shiga wani babban kwalekwale. Rajan ya ce a imaninsu duk wanda ya yi wanka a kogin nan an wanke masa zunubansa.

Ina jin haka na miƙe tsaye tsakiyar kwalekwale, da babbar rigata da sababbin takalmana, na ɗaga yatsa. "Jama'a, kun ji dai! Kowa ya janye hannunsa. Ko ɗigo ɗaya kada ya taɓa wani. Mu mutanen Zamfara ne, za a tambaye mu in mun koma!"

Kawu ya ce, "Digiri, zamna. Ba a tsayi cikin jirgi."

"Bari in gama, Kawu. Abu na biyu..."

Abu na biyu wani kwalekwale ne ya goge mu ta baya. Ban san lokacin da sama ta koma ƙasa ba. Tsundum! Na nutse har hula, na taso, na sake nutsewa, na sha na ƙoshi. Mai tuƙi ya kamo ni ta wuyan riga ya jawo ni kamar an kamo giwan ruwa. Masu wanka a matakala suka ɗauki sowa suna tafi. Da muka zo gaɓa wani dattijo ya rataya mini furanni a wuya yana shafa kaina, Rajan ya ce dattijon cewa yake kogin ne da kansa ya kira ni, ba kowa ke samun haka ba. Ina tari, ina kalmar shahada, ina hango Hajiya Ige ta saita ni da waya.

Kawu ya dube ni sama da ƙasa, ruwa yana zuba daga aljihuna.

"To, mu dai da zunubbanmu munka zo, da su za mu koma. Digiri kaɗai ya samu sauƙin kaya."

Aka samo mini wani ɗaki na yi wanka da sabulu har sau uku, Ardo ya ara mini rigarsa da ta tsaya mini a gwiwa. Na fito na ƙirga mutanena don mu kama hanyar filin jirgi. Goma sha ɗaya. Na sake ƙirgawa. Babu Kawu.

A nan dariya ta ƙare. Jirginmu da la'asar zai tashi. Fasfo ɗinsa yana jakata, ba shi da waya, ba ya jin ko kalma ɗaya ta kowane yare sai Hausa da ɗan Fillanci, ga shi da hawan jini. Garin nan kuwa lunguna ne kamar ramin gara, wani ma mutum biyu ba sa jerawa. Ni da Rajan muka bazama. Ina gudu cikin rigar aro, ina kauce wa shanu da babura, ina ƙwala kira, "Kawu! Kawu Sahabi!" Abin da ke raina kawai Inna, mahaifiyata. Da za mu taso ta riƙe hannuna ta ce, "Yayana na ba ka amana, shi kaɗai ya rage mini." Da wane baki zan shiga gida in ce na baro shi a Indiya ina can ina saɓa sabulu?

Mun fi awa muna nema. Wani mai sayar da shayi ne ya gane kwatancen hula da farin gemu, ya nuna mana wajen hayaƙin nan. Muka gangara. Can sama da inda ake ƙona gawa, a kan matakala, na hango shi zaune. Kusa da shi wani magidanci ne, an yi masa aski sabo, ya ɗaura farin ƙyalle, idanunsa sun kumbura. Kawu ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana jero masa gaisuwa tiryan-tiryan, kamar a zauren Bakura.

"Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Ashe tsoho lokaci ya yi. Haka ta, haka ta. Allah shi ba ka dangana. Allah shi raya abin da yab bari."

Mutumin kuma yana ta magana da yarensu, yana nuna wutar, yana share hanci, Kawu yana gyaɗa kai yana "Assha. Assha."

Tsoron da na sha ya juye ya zama faɗa. Na daka masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. "Haba Kawu! Ka san halin da ka sa mu? Jirgi zai tashi, kai kana nan kana surutu da wanda ko jin ka ba ya yi!"

Ya ɗago a hankali. "Sassabta muryakka. Wurin mutuwa kake."

Ya dubi mutumin, ya ci gaba.

"Na gane shi tun muna cikin kwalekwale, shi ɗai, ba kowa kusa gare shi. Mutum ya rasa uba, sai in ce sai na yi digiri bisa yarensu kahin in gaishe shi?"

"To ka san abin da yake cewa?"

"Halin ubanai shika hwaɗi. Mi kake so shi ce?"

Rajan ya tsuguna ya saurara kaɗan, ya ɗago ya dube ni. Ya ce labari yake bayarwa yadda tsohon ke tashinsa tun duku-duku su tafi gona, da yadda bai taɓa cin abinci ba sai ya ga shanunsa sun ci. Na rasa inda zan sa fuskata. Na durƙusa ni ma, cikin guntuwar rigar Ardo, na kama hannun bawan Allahn nan, duk Turancina da Indiyancina suka gudu. Da Hausa na ce masa, "Ya haƙuri?"

Muka koma bas. Sai da muka hango filin jirgi Kawu ya ce, kamar da kansa yake, "Su wuta, mu rami. Kukan dai iri guda na." Ya juya ga Ardo. "In tawa ta zo, kada a jira kowa. A kai ni tun rana ba ta yi zahi ba. Kuma ka riƙe mani Digiri, kada shi yi jawabi."

Hoton Hajiya Ige ya riga mu isa gida, kamar yadda na ji tsoro. Ga ni jiƙe sharkaf da furanni a wuya. Kwana biyu surukina ya aiko kirana, na tarar ya tara dattawan unguwa. Ina ta inda-inda sai ga sallamar Kawu, ya hau babur tun daga Bakura ba wanda ya kira shi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya gyara zama.

"Malam, ni shaida na, a gabana anka yi. Hwaɗuwa yay yi. Da niyya ta, da ya tuɓe takalmi. Sababbi na, kuma kun san Lawali."

Liman ya yi ƙoƙari ya riƙe fuska, abin ya gagara. Magana ta mutu a nan. Tun da na koma Digiri, ranar ce kaɗai na ji Kawu ya kira ni da sunana.

Bara bayan girbin rani Kawu ya kwanta ciwo, kwana shida kacal. Ya cika da hantsi, aka kai shi kafin azahar, ba a jira kowa ba. A bakin kabari, da aka gama, na ji maƙogwarona ya cika da magana, na ɗan matsa gaba. Sai na ji an damƙe mini riga ta baya. Ardo Buba ne, hawaye har gemu, yana girgiza mini kai. Na koma na tsaya.

Na yi haƙuri shekara guda, Kawu. Yau Ardo yana Damaga, ba mai riƙe ni, ga shi na yi jawabin, kuma ya yi tsawo. Ka yafe mini.

Allah ya jiƙan Sahabi ɗan Bakura. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya sanyaya shi. Yadda bai bar baƙo ya yi kuka shi kaɗai ba, ya Allah kada ka bar shi shi kaɗai. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.